Daga Injin Katako Zuwa Kujerar Firimiya: Ujjal Dosanjh da Siyasar Baƙo a Kanada

 Ranar 24 ga Fabrairu, 2000, aka rantsar da Ujjal Dosanjh a matsayin Firimiyan Biritish Kolombiya, lardin da ke can yammacin Kanada a bakin tekun Pasifik. Tsarin mulkinsu irin namu ne na Jamhuriya ta Farko, wato jagoran jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar lardi shi ne Firimiya, kamar yadda Sardauna ya kasance a Kaduna. Mutumin da aka rantsar a ranar an haife shi ne a wani ƙauye mai suna Dosanjh Kalan kusa da Jalandhar a yankin Punjab na Indiya, bai kuma taka ƙasar Kanada ba sai da ya zama saurayi mai shekara ashirin da ɗoriya. Shi ne ɗan asalin Indiya na farko da ya shugabanci wani lardi a ƙasar, daga baya kuma ya zama ministan lafiya na tarayya. Irin wannan labari yakan zo mana ta fuska biyu: ko dai a yabi ƙasar da ta karɓi baƙo, ko a yabi baƙon da ya yi ƙwazo. Ni wata magana ce daban nake so in kafa. Dosanjh ya kai inda ya kai ne saboda ya iya tsayawa ya ce wa nasa a'a, kuma ya iya yin hakan ne saboda doka da cibiyoyin ƙasar sun ba shi wurin tsayawa wanda ba kafaɗar danginsa ba. Waɗannan abubuwa biyu ɗaure suke da juna, ɗaya ba ya yiwuwa sai da ɗaya.

Kada a ɗauka ƙofar a buɗe take tun fil azal. Mutanen Punjab, yawancinsu mabiya addinin Sikh, sun fara shiga wannan lardi ne a farkon ƙarni na 20, suna aikin ƙarfi a wuraren tsaga katako da shimfiɗa layin dogo. A 1907 majalisar lardin ta ƙwace musu 'yancin jefa ƙuri'a, kuma da yake sunan mutum a rajistar masu zaɓe shi ne sharaɗin shiga wasu sana'o'i, sai aikin lauya da na harhaɗa magunguna su ma suka haramta gare su. A 1908 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro wata dabara: duk wanda zai shigo Kanada sai ya zo kai tsaye daga ƙasarsa ba tare da yada zango ba, alhali babu jirgin ruwan da ke yin wannan tafiya daga Indiya. A watan Mayun 1914 jirgin Komagata Maru ya iso gaɓar Vancouver da fasinja 376, aka tsare shi a kan ruwa wata biyu cur, abinci da ruwan sha suna ƙarewa, 'yan uwansu na cikin gari suna tara kuɗin lauya, daga ƙarshe aka kora shi da rakiyar jirgin yaƙi. Da ya isa kusa da Kalkata, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta, mutum kusan 20 suka mutu. Ba a mayar wa 'yan asalin Indiya ƙuri'arsu ba sai 1947. Ko bayan nan, yarjejeniyar 1951 mutum 150 kacal ta yarje wa shiga daga Indiya a kowace shekara. Sai a 1967 aka kawo tsarin maki, inda ake auna mai neman shiga da iliminsa da sana'arsa da harshen da yake ji, ba da launin fatarsa ba.

Shekara ɗaya bayan wannan canji, a 1968, Dosanjh ya sauka a Vancouver. Ya riga ya yi shekara huɗu a Ingila, inda ya je yana ɗan shekara 17, kuma ya bar ta a shekarar da ɗan siyasar nan Enoch Powell ya yi jawabinsa na tunzura jama'a a kan baƙi. A Kanada ya shiga aikin da magabatansa suka gada, wato injin tsaga katako, yana jan itace da rana yana zuwa aji da dare, har ya ji ciwo a baya ya bar aikin. Ya yi digiri a kimiyyar siyasa a Jami'ar Simon Fraser, ya gama karatun lauya a Jami'ar Biritish Kolombiya a 1976. A lura da inda ya fara sa ƙafarsa a harkar jama'a, domin a nan ne tushen maganata yake. Ya shiga fafutukar kare leburorin gona na kwarin kogin Fraser, masu tsinkar 'ya'yan itatuwa, waɗanda yawancinsu 'yan Punjab ne, mata da tsofaffi. Su wa ke danne musu haƙƙi? Sau da yawa 'yan kwangilar da ke kwaso su a mota su kai su gona su ma 'yan Punjab ne. Ke nan tun daga farko rigimar da ya shiga ba ta baƙo da ɗan gari ba ce, ta mai aiki ce da mai cin guminsa, kuma jam'iyyarsa ita ce NDP, jam'iyyar ƙungiyoyin ƙwadago. Ya tsaya takarar majalisar lardi a 1979 ya faɗi, ya sake tsayawa a 1983 ya sake faɗi.

Jarrabawar gaske ta zo ne daga gida. A watan Yunin 1984 sojojin Indiya suka afka wa Haikalin Zinariya da ke Amritsar, wuri mafi tsarki ga mabiya Sikh, don fatattakar 'yan bindigar da ke neman ɓalle wata ƙasa mai suna Khalistan. A ƙarshen Oktoba masu gadin Firaministar Indiya Indira Gandhi, su biyu mabiya Sikh, suka harbe ta, aka kuma bi 'yan Sikh ana kashewa a titunan Delhi, kusan mutum 3,000 a cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ya san yadda labarin gida ke ƙona zuciyar mai zaman ƙetare zai gane halin da 'yan Sikh na Vancouver suka shiga. Fushinsu yana da dalili. Amma masu tsattsauran ra'ayi suka hau kan wannan fushi, suka mamaye wasu wuraren ibada, suka mai da duk wanda ya ce uffan maci amana. Dosanjh, ƙaramin lauya wanda bai riƙe muƙamin komai ba, ya fito fili ya ce bai yarda da zubar da jini ba, bai kuma yarda a tsoratar da jama'a da sunan addini ba. A watan Fabrairun 1985 wani ya tare shi a wurin ajiye motoci na ofishinsa ya rufe shi da duka da sandar ƙarfe. Ya kare kansa da hannu, hannun ya karye, aka yi masa ɗinki kimanin 80 a ka. Wanda aka gurfanar a kan lamarin kotu ta sallame shi. Wata huɗu bayan haka, ranar 23 ga Yuni, bam ya tarwatsa jirgin Air India mai lamba 182 a sararin tekun da ke kusa da Ayalan, mutum 329 suka hallaka. A Biritish Kolombiya aka haɗa bam ɗin.

Abin da ya biyo baya ya nuna yadda ƙasar ke kallon baƙinta a lokacin. Mafi yawan waɗanda suka mutu a jirgin 'yan Kanada ne masu fasfon ƙasar, da yara da yawa a cikinsu, amma Firaminista Brian Mulroney ya ɗaga waya ya yi wa takwaransa na Indiya ta'aziyya, kamar musibar ta wasu ce. Hukumomin tsaro sun ɗauki barazanar da ake yi wa irin su Dosanjh a matsayin rikicin cikin gida na 'yan ci-rani, sai da aka yi shekara 25 kafin kwamitin bincike ya fito da sakacinsu fili, gwamnati ta nemi gafara a 2010. Ɗan jarida Tara Singh Hayer, mai jaridar Indo-Canadian Times, an harbe shi a 1988 ya shanye, aka dawo aka kashe shi a 1998. To me ya sa Dosanjh bai yi shiru ba, kuma me ya sa maganarsa ba ta kashe masa siyasa ba? Ƙarfin hali yana ciki, ba na musun wannan. Sai dai ƙarfin hali kaɗai ba ya cin zaɓe. Da a ce hanyarsa ɗaya tilo ta zuwa majalisa ita ce amincewar shugabannin wuraren ibadar 'yan Punjab, da ranar da ya buɗe baki ranar ya gama. Yana da lasisin lauya wanda ba su suka ba shi ba, yana da jam'iyya da ƙungiyoyin ƙwadago waɗanda ba su san rigimar Amritsar ba, kuma mazaɓar da ya ci a 1991, Vancouver-Kensington, unguwa ce ta ma'aikata inda 'yan asalin Sin da Turawa da 'yan Filifin da 'yan Indiya ke zaune a cakuɗe. Babu ƙabila ɗaya da za ta iya naɗa shi ko ta tuɓe shi.

Wannan hali ya sake fitowa a wani fage da ba ruwansa da Punjab. A 1995 Firimiya Mike Harcourt ya naɗa shi Antoni-janar, ya ci gaba da riƙe muƙamin a ƙarƙashin sabon Firimiya Glen Clark. A watan Maris na 1999 'yan sanda suka shiga gidan Clark da takardar bincike, kyamarar talabijin tana ɗauka daga waje, bisa zargin cewa wani maƙwabcinsa da ya yi masa gyaran gida ya sami alfarma wajen neman lasisin gidan caca. A watan Agusta Dosanjh, wanda Clark ne maigidansa a gwamnati da jam'iyya, ya tabbatar wa duniya cewa ana binciken Firimiya kan laifi, Clark ya sauka. Adalci ne a faɗi cewa kotu ta wanke Clark a 2002, kuma magoya bayansa ba su taɓa yafe wa Dosanjh ba, suna cewa ya share wa kansa hanya ne. Zargin ba wofi ba ne, tunda shi ya gaji kujerar bayan wata shida. Amma a tambayi kai: wace hanya ce ta rage wa babban lauyan gwamnati wanda ya san ana binciken shugabansa? Ya rufe, ya zama abokin laifi, ko ya faɗa, a ce yana da buri. Ya zaɓi ta biyu.

Yanzu bari in juya ga masu ja da wannan bayani, domin suna da hujjoji. Na farko za su ce duk wannan ado ne, gaskiyar magana ita ce 'yan Punjab ne suka ɗora shi. A takarar shugabancin jam'iyya ta 2000 an yi wa dubban sababbin mutane rajista, da yawansu 'yan asalin Indiya, har aka samu waɗanda aka yanka wa katin jam'iyya ba da saninsu ba. Wannan ya faru, kuma tabo ne. Amma a duba shi da kyau. Cika rajista da mutanen unguwa tsohuwar sana'a ce a jam'iyyun Kanada, Italiyawa da 'yan Ayalan sun yi ta kafin 'yan Punjab su iso. Sa'annan 'yan Punjab na cikin jam'iyyar ba su tsaya a bayansa baki ɗaya ba, wasu fitattunsu sun mara wa abokan hamayyarsa Turawa baya. Ana tsakiyar wannan takara ma, a ƙarshen 1999, an kai wa ofishinsa na mazaɓa hari da kwalbar fetur. Ya sami ƙuri'un mutanensa, babu shakka, amma bai taɓa zama mallakinsu ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara.

Na biyu za su ce an ba shi mulki ne bayan an gama cinye amfaninsa, kamar a miƙa wa baƙo ragamar jakin da ya riga ya gurgunce. A nan ina ganin sun fi kusa da gaskiya. NDP ta shekara tara tana mulki, ga abin kunyar Clark, ga jiragen fito masu gudu guda uku da aka kashe wa sama da dalar Kanada miliyan 400 suka kasa aikin da aka ƙera su dominsa. Dosanjh ya daidaita kasafin kuɗi, jama'a suna ganin mutuncinsa fiye da na jam'iyyarsa, amma a zaɓen 16 ga Mayu, 2001, jam'iyyar adawa ta Gordon Campbell ta lashe kujera 77 cikin 79. Shi kansa ya rasa kujerarsa. Ba a taɓa zaɓensa Firimiya ta hanyar babban zaɓe ba, wakilan jam'iyya ne suka ɗora shi, wata goma sha biyar da 'yan kwanaki ya yi. Duk wanda ke son kafa hujja da shi cewa wariya ta ƙare a Kanada, to ya yi hattara da wannan. Abin da ƙin yardar ba ta rusa ba shi ne dalilin zaɓensa. Jam'iyyar da ake zargi da rufa-rufa ta nemi mutumin da jama'a suka sani ba ya rufa wa nasa asiri, kuma wannan suna ya samo shi ne tun daga wurin ajiye motoci a 1985. Shan kayen ma na jam'iyya ne, ba na launin fata ba: wanda ya kayar da shi a mazaɓarsa, Patrick Wong, shi ma baƙo ne daga Hong Kong.

Akwai ƙin yarda ta uku wadda ba ni da cikakkiyar amsa gare ta, kuma ba zan ɓoye ba. Dosanjh yana hawa kujerar Antoni-janar a 1995 rikici ya ɓarke a tafkin Gustafsen, inda wasu 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, suka ƙi tashi daga filin da suke ibadarsu ta shekara-shekara, wani mai kiwon shanu yana cewa filinsa ne. Mafi yawan ƙasar wannan lardi ba a taɓa ƙulla yarjejeniyar miƙa ta ba, don haka da'awarsu ba ta banza ba ce. Dosanjh ya ce wannan maganar laifi ce, ba ta siyasa ba. Aka tura 'yan sanda wajen 400 da motocin sulke na soja, aka yi wata guda ana kallon-kallo da harbe-harbe, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Bayan shekara biyar wata kotu a Amurka ta ƙi mayar da ɗaya daga cikin mutanen da ya tsere can, tana cewa laifin nasa na siyasa ne. Ga ɗan ƙasar da Ingila ta yi wa mulkin mallaka yana riƙe da sandar hukuma a kan waɗanda aka ƙwace wa ƙasa. Wannan shi ne farashin abin da nake yabawa. Cibiyoyin da suka ba baƙo wurin tsayawa suna da nasu tsohon zalunci, wanda ya shiga cikinsu ya gaji alherinsu ya kuma gaji bashinsu. Tsananin da ya sa ya ƙi sassauta wa 'yan bindigar Khalistan shi ne ya hana shi ganin bambancin da ke tsakaninsu da mutanen tafkin.

A 2004 Dosanjh ya canja sheƙa. Firaminista Paul Martin na jam'iyyar Liberal ya ba shi tikitin mazaɓar Vancouver ta Kudu, ya ci, aka ba shi ma'aikatar lafiya. Tsofaffin abokansa suka kira shi ɗan neman abinci. Amma NDP ba ta taɓa kafa gwamnatin tarayya ba, kuma Bob Rae, tsohon Firimiyan Ontario na NDP, haifaffen Kanada, ya bi wannan hanyar bayan shekara biyu ba wanda ya danganta abin da asalinsa. Naɗin yana da ma'ana ta fuskar aiki, domin a Kanada larduna ne ke tafiyar da asibitoci, tarayya kuɗi take bayarwa bisa sharuɗɗan dokar lafiya ta 1984, saboda haka minista wanda ya taɓa zama a ɗaya gefen teburin ya san inda gizo ke saƙar. A zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar ƙara wa larduna dala biliyan 41 a cikin shekara goma, ko da yake Martin da firimiyoyi ne suka yi cinikin. Bai kai shekara biyu a ofis ba gwamnatin ta faɗi.

Me ya haɗa mu da wannan? Abu ɗaya, kuma na doka ne. A Kanada duk ɗan ƙasa, ko jiya ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, yana iya tsayawa takarar kowace kujerar majalisa, kuma daga majalisa ake zama Firimiya. Sashe na 177 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce gwamna sai ɗan ƙasa ta haihuwa, sashe na 147 kuma ya ɗaure kujerar minista da zama ɗan asalin jiha. A ƙasa da wannan ga takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ke sa Bahaushen da aka haifi kakansa a Jos ko Sabo ta Ibadan, da Ibon da aka haifa a Sabon Garin Kano, su zauna baƙi har abada. A 1980 an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno, aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta dawo da shi. Ana yawan kallon wannan tsari a matsayin cutar da baƙo, kuma haka ne. Amma yana cutar da ɗan gari ta wata hanya da ba a cika faɗa ba. Ɗan siyasar da asalinsa ne kaɗai takardar shigarsa fage ba zai iya tsawata wa 'yan ta'addan ƙabilarsa ba, domin ranar da suka ce ba nasu ba ne, ba shi da wata ƙasa da zai taka.

Dosanjh bai daina biyan kuɗin matsayinsa ba. A 2010 wani daga cikin masu shirya jerin gwanon bikin Vaisakhi a garin Surrey ya faɗa a rediyo cewa ba a gayyace shi ba, in kuwa ya zo to tsaron lafiyarsa yana wuyansa. Shi kuma ya riƙa sukar yadda ake tafiyar da manufar al'adu barkatai da Kanada ta ɗauka tun 1971, yana ganin 'yan siyasa sun mai da ita hanyar sayen ƙuri'a a dunƙule daga hannun masu da'awar shugabancin al'umma, ba tare da tambayar me suke wa'azi a kai ba. Mazaɓarsa kuwa tana ta sauya hannu. Kafin shi Herb Dhaliwal ne ke riƙe da yankin tun 1993, haifaffen Punjab, wanda ya zama ɗan asalin Indiya na farko a majalisar ministocin tarayya a 1997. A 2008 Dosanjh ya sha da ƙyar, da ratar ƙuri'a 20 bayan alƙali ya sake ƙirgawa. A 2011 wadda ya kayar ɗin, Wai Young ta jam'iyyar Conservative, haifaffiyar Hong Kong, ta kayar da shi, ya bar siyasar zaɓe. A 2015 Harjit Sajjan, shi ma haifaffen Punjab, tsohon soja kuma tsohon ɗan sanda, ya karɓe kujerar daga hannunta ya zama ministan tsaro, kuma yana zaune a majalisar a watan Mayun 2016 lokacin da Firaminista Justin Trudeau ya miƙe ya nemi gafara a kan korar jirgin Komagata Maru.